Soron Gidan Makama: me ke riƙe da rufin, kuma me ya hana a yi masa siminti?

Ɗan Mandawari:

Assalamu alaikum. Tambayata ga magina ce da masanan gine-gine da ke wannan zaure, a kan Gidan Makama na Kano, wanda ke daura da fadar Sarki, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Idan mutum ya shiga soro ya ɗaga kai, sai ya ga bakuna sun taso daga jikin bango sun haɗe a tsakiya, babu rodi, babu kankare. To me ke cikin bakan da ya hana shi zubowa? Sannan tunda gida ne da hukuma ta sa cikin kayan tarihin ƙasa, me ya sa ba za a yi masa filastar siminti sau ɗaya a huta ba, maimakon yaɓe-yaɓen da ba ya ƙarewa? Kuma da gaske ne ƙasar ginin da muke gani ta haura shekara 500? A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah Ya saka.

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in ɗauki ta farkon, in bar wa masu yaɓe ta biyun.

Abin da ke cikin bakan nan azara ce. Azara kuwa itacen giginya ne da aka tsaga a tsaye. Ba kowane sashe na giginya ake so ba: ɓarin waje mai duhu, mai tsika-tsika kamar waya, shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Farin cikin nan mai taushi ana fere shi a yar. Magina sun fi son namijin giginya wanda ya tsufa. Illar azara ɗaya ce, ba ta da dogon hannu. Idan ka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu ka ɗora mata ƙasa, abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce faɗin ƙafa 6 ba, wato kusan mita 1.8. Ya wuce haka sai ta fara lanƙwasa. Duk fasahar rufin soro, daga tauyi har zuwa ɗaurin guga, dabara ce ta kewaye wannan gajartar.

Mataki na farko shi ne tauyi: a jera gajerun azaru a saman bango su leƙo cikin ɗaki, a danne gindinsu da gini, sannan a ɗora doguwar azara a kansu. Da wannan sai ɗaki ya ƙara faɗi kaɗan. Wata dabarar ita ce a gitta azara a kusurwoyi huɗu, a rage bakin da za a rufe. Idan ana son soro babba, na karɓar baƙi, sai a tafi ga baka.

Ga yadda ake ɗaure baka. Tun bango yana kusan kafaɗar mutum ake dasa ƙafarsa: a kafa damin azaru a cikin kaurin bango, su ɗan karkato ciki. A ɗaure su da igiya tamau, a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar su su bushe. Sai a kawo dami na biyu, a haɗa gindinsa da kan na farko su hau juna sosai, shi kuma ya fi na farko karkata. A ɗaure, a yaɓe, a jira. A bayan kowane dami ana kwantar da wasu azarun da ke komawa cikin bango, su ne ke riƙe shi kada ya kifo. Haka daga ɗaya ɓarin, har hannuwan biyu su matso kusa, sai a haɗe su da azara kwance a sama. Ƙasar da aka shafe su da ita ce ke ba da wannan lanƙwasa mai santsi da kake gani. A ciki, abin gaɓa-gaɓa ne kamar gwiwar rake.

Ka lura da wani abu, don nan ne mutane ke kuskure. Bakan dutse irin na ƙasashen Larabawa duwatsu ne ke tokare juna. Namu ba haka yake ba. Namu hannu ne da ya miƙo daga bango, kuma nauyin bangon da ke bayansa da na ginin da ke kansa su ne ke danne gindinsa. Shi ya sa bangon soro yake da kauri haka, a gindi ya kan kai mita ɗaya ko fiye, yana sirancewa yayin da yake hawa. Duk wanda ya fasa taga ko ya sassaƙe bango kusa da ƙafar baka don ya sa kabad ko ya bi da waya, to gindin hannun ya sara.

Idan bakuna biyu suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake gitta bakin gugan rijiya. Sun raba rufin gida huɗu ke nan, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba. Soro mafi girma sai a yi bakuna biyu ta nan, biyu ta can, su ba da gida tara. A kan waɗannan gidajen ake jera azaru a matse, wani lokaci a karkace don ado, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa. Daga waje sai ka ga tulluwa ta ɗan taso. Tudun nan ba ado kawai ba ne, shi ke kora ruwa zuwa bakin indararo.

Bangon kansa tubali ne, ba bulo ba. Ana haƙo birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bari ya kwana biyu ya ruɓa, a sake tattakewa. Sai a mulmula da hannu, gindi faffaɗa, kai tsini. Ya yi kamar mako biyu a rana. Wajen gini tsinin ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓi. Ba a ɗaga bango da yawa a yini ɗaya, sai sahun ƙasa ya sha iska.

Mai Laso:

Baba ya gama da ƙashi, saura fata.

Malam Ɗan Mandawari, siminti a jikin ginin ƙasa gyaran gangar Auzinawa ne. Dalili uku ne, kuma duk suna aiki tare.

Ƙasa tana shan danshi da damina ta ɗan kumbura, da rani ta saki ta tsuke. Siminti ba ya bin ta. Shekara ɗaya ko biyu sai ya rabu da bangon ta ciki, ya zama ɓawo. Ka ƙwanƙwasa da bayan makulli, in ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, ya riga ya saki. Sannan sai ya yi 'yan tsagu sirara, ruwan sama ya shiga ta nan, amma ba ya samun hanyar fita, don simintin ya toshe numfashin bangon. Danshin da ke tasowa daga ƙasa shi ma haka, maimakon ya fice a gindin bango sai ya yi ta hawa. Daga waje gini fes, daga ciki tubali ya koma taɓo, kan azarar da ke cikin bango ya fara ruɓewa, gara kuma ta samu inuwa da laima. Na ukun shi ne mafi muni: ɓawon yana ɓoye ciwon. Yaɓen ƙasa idan ya gaji kowa zai gani, a gyara da kwando biyar na kwaɓi. Na siminti ba ka sani ba sai ranar da ya ɓallo da rabin bango a bayansa. Wasu don simintin ya kama sai su kafa ƙusoshi ko wayar kaji a jikin bango. Ƙusar ta yi tsatsa, ta kumbura, ta ƙara fasa shi. Fentin mai da fentin roba su ma sahunsu ɗaya da siminti.

Abin da magabata suka yi amfani da shi iri-iri ne, kowanne da wurinsa.

Yaɓe na yau da kullum: jar ƙasa da ciyawa yankakkiya da kashin doki ko na jaki, a kwaɓa a rufe ya ruɓa kamar mako guda, ana juyawa. Ruɓewar ce ke ba shi danƙo. Kafin a shafa, a kankare duk abin da ya saki, a share ƙura, a yayyafa ruwa bangon ya yi laima amma kada ya jiƙe sharkaf. Kauri kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a shafa ɗaya. Inda rami ya yi zurfi ba a cika shi da kwaɓi tashi ɗaya, zai tsage ya faɗo. A saka gutsattsarin tubali, ko a cika shi sahu-sahu.

Makuba: ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne, a daka, a jiƙa ko a tafasa, ruwan ya yi ja-baƙi. Da shi ake kwaɓa shafar ƙarshe, ko a yayyafa a kan daɓe. Yana sa ruwa ya zame. Ba ya daɗewa sosai, bayan damina biyu ya kan so sabo.

Laso shi ne babba, shi ake sa wa rufi da rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman rufi, da zankwaye da bakin indararo, wuraren da ruwa ya fi duka. Haɗinsa uku: katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwashe a shanya a ƙona a daka, gashin jima daga majema, wanda ke hana shi tsagewa, da ruwan dafara, saiwar da ake dakawa a jiƙa ta ba da yauƙi. A shafa shi siriri, a goge da dutse mai santsi yana ɗanye-ɗanye har ya yi sheƙi. In an yi shi da kyau ya kan kai kimanin shekara 5. Wahalar yau ita ce katsi. Marina ta ragu, in ka cire irin ta Ƙofar Mata ba ko'ina za ka samu ba, kuma rinin kanti ba ya ba da katsi.

Kada a ɗauki ƙasa daga ko'ina a hau shafawa. A gwada tukuna: a yi fili huɗu a jikin bango, kowanne kamu ɗaya faɗi da tsawo. Na farko ƙasa zalla, na biyu ƙasa biyu yashi ɗaya, na uku ɗaya da ɗaya, na huɗu ƙasa ɗaya yashi biyu. Bayan kwana uku a duba. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa. Wanda ke zubowa in an goga hannu yashi ya yi yawa. Na tsakiyarsu shi ne naka.

Malama Mai Zayyana:

Sannunku da ƙoƙari. Zan taɓa maganar shekaru da ta doka.

Abin da tarihin Kano ya riƙe shi ne gidan yana da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a nan ya zauna kafin a gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da wani sashe nasa. Daga baya aka raba shi: wani ɓangare gidan tarihi, wani makaranta, wani kuma ya ci gaba da zama na Makama.

To amma a yi hattara da cewa ƙasar da hannunka ke taɓawa ita ce ta zamanin Rumfa. Ginin ƙasa ba ya rayuwa haka. Fatarsa ana sabunta ta a kai a kai, rufi ana sauke shi a sake in azara ta gaji, wani soron ma a tayar da shi daga tushe a inda yake. Abin da ya tsufa shi ne wurin, da tsarin shiga daga zaure zuwa soro zuwa fili, da hanyar ginin. A ganina wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan, sai dai yana canza ma'anar kiyayewa. Gidan dutse ana kiyaye shi ta hanyar hana taɓawa. Na ƙasa in aka hana taɓa shi damina uku, an kashe shi.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ce ke da alhakinsa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Dokar ta hana rushewa, ko sauya fasali, ko haƙa a wurin da aka ayyana ba tare da izinin hukumar ba. Saboda haka ko mai kuɗi ya zo da niyyar alheri ya ce zai yi wa gidan tayil da siminti kyauta, ba shi da wannan hurumin.

Ƙa'idar aiki a irin wannan gida: kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da awo na kowane bango, a zana taswirar rufi da yadda azaru suka kwanta. A gyara da irin abin da aka tarar. Abin da zai iya tsayawa kada a sauke shi. Zanen ado na cikin soro, irin su dagi da sauran ƙulle-ƙullen da aka tayar da ƙasa, shi ya fi saurin salwanta, domin mai yaɓe in ba a tsaya a kansa ba sai ya bi ta kai ya shafe, ko ya sake zana shi yadda ya ga ya fi kyau. A kwafe shi a takarda mai shara-shara a girmansa kafin aiki, kuma a ba gwani shi kaɗai wannan sashen.

Ɗan Mandawari:

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da Malama. Saura guda: tsaga nake gani a kusan kowane tsohon soro a cikin birni. Yaya ake gane wadda ta yaɓe ce kawai da wadda ke cewa a fita daga ɗakin?

Injiniya Na Dala:

Tambaya mai kyau, kuma ba ta wasa ba ce. Kowa ya tuna Babban Masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na ƙarni na 19, wanda wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Watan Agusta shi ne lokacin da rufin ƙasa ya fi nauyi, azara kuma ta fi laushi.

Tsaga mai kama da saƙar gizo, marar zurfi, wadda ta bazu ko'ina, ta yaɓe ce. Wadda ake tsoro iri huɗu ce. Tsaga a tsaye a kusurwa, sama ta fi ƙasa buɗewa: bango ne ke rabuwa da ɗan'uwansa yana kifawa waje. Tsaga a kwance a gindin bango, tare da ƙasa mai laushi ko farin gishiri-gishiri: gindi ya ciwu. Tsagar da ta yanke baka a gicciye, musamman a gaɓar da dami ya hau dami, ko a tsakiyar sama: ɗauri ya saki ko azara ta karye. Sai tsaga mai zagaye ƙafar baka, wadda ke nuna ƙafar tana zarewa daga bango. In aka ga ɗaya daga biyun ƙarshe, ko gari yana zubowa daga rufi ba iska ba motsi, a fitar da mutane, a tokare tukuna, sannan a yi shawara.

Tokara ma da ƙa'idarta. Kada a kafa sanda ɗaya tsirara a ƙarƙashin baka, za ta huda shi. A sa faffaɗan katako sama da ƙasa, a sa buhu ko tsumma tsakanin katako da ado, a matse da 'yan ƙananan itatuwa a hankali. Ana tallafa ne, ba ɗagawa ba. In ka ɗaga abin da ya shekara 30 a lanƙwashe, sabuwar karaya za ka yi.

Don sanin ko tsaga tana tafiya: a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. A kafa ƙananan alamu biyu a gefe da gefe, a auna tsakaninsu da rula duk mako biyu, daga Mayu zuwa Oktoba. Wadda ke buɗewa tana komawa bisa sauyin damina da rani numfashi ne. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa ita ce mai magana. Azara kuma a soka mata tsinken ƙarfe a daidai inda ta shiga bango, don nan take fara mutuwa, tsakiyarta na nan garau. In tsinke ya shige fiye da santimita 2 ba da ƙarfi ba, a ƙirga ta cikin waɗanda za a canza.

Abu biyu ke jawo yawancin wannan. Na farko nauyin rufi. Duk shekara a ƙara ƙasa a kan ta bara ba a kankare ba. Ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita ɗaya ta kai kilo 170 zuwa 180 a bushe. Soro mai mita 5 da 5 ke nan ya ƙaru da fiye da tan 4, kafin ruwa ya shiga. Na biyu gindin bango. Titi da lungu suna ta hawa saboda ciko da kwalta, har daɓen gida ya koma ƙasa da waje, ruwan kwata ya riƙa kwanciya a jikin gini. Magani shi ne a gyara gangara ruwa ya yi nesa da bango, a bar gindin yana shan iska, kada a kai kankare har jikinsa. Famfo, bayan gida, tukunyar fulawa da ruwan na'urar sanyaya ɗaki duk a nisanta su.

Tsohon Magini:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan nauyi, amma kada wani ya karanta ya hau rufi da fatanya ya kwashe ƙasa ta ɓari ɗaya. Na ce muku nauyin da ke kan gindin baka shi ke riƙe shi. Ana rage ƙasa ne daga tsakiyar tulluwa zuwa gefe, ɓari da ɓari daidai wa daida, a bar ta kan ƙafafu sai a ƙarshe. Kuma a tokare ta ciki kafin mutum na farko ya hau.

Sai maganar leda da wasu ke shimfiɗawa a cikin rufi su rufe da ƙasa. Shekarar farko ba ɗigo, kowa na murna. Amma gumin ɗaki yana taruwa a ƙarƙashinta, zana ta ruɓe, azara ta bi. In dole ne a kare rufin da ya fara yoyo a tsakiyar damina, a rufa tamfol ta sama a ɗaure, rana ta fito a yaye, a jira rani.

Lokacin aiki: babban gyara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma in hunturu ya yi tsanani yaɓe na bushewa da gaggawa ya tsage, sai a yi shi da safe ko da yamma, a rataya zana ta kare shi. Laso da gyaran rawani a gama su kafin ƙarshen Afrilu. Indararo kuwa a duba shi kafin ruwan farko, a sake dubawa bayan kowane babban ruwa, don sheƙar tsuntsu ko leda ɗaya ta isa ta mai da rufi tafki. Tsawonsa ya fita daga bango aƙalla kamu ɗaya da rabi, ya ɗan sunkuya, a cike kewayen wuyansa da laso, a kuma ajiye faffaɗan dutse a inda ruwan ke sauka don kada ya fantsamo ya ci gindin bango.